Amsoshin Tambayoyinku: Zafi na taso min a ofis da cikin adaidaita sahu, wace irin sutura zan sa?

TAMBAYA: Ni ma'aikaciya ce a nan Kano, shekaruna 49. Tun bara al'adata ta fara yi min wasa, ta zo wannan watan, ta tsallake biyu ko uku. Wannan bai dame ni ba, na san lokaci ne ya zo. Abin da ya hana ni sakat shi ne wani zafi da ke taso min daga ƙirji ya haye wuya da fuska, kafin in ankara gumi ya jiƙe ni sharkaf. Ba ya sallama, ko ina tsakiyar taro ne a ofis, ko ina cikin adaidaita sahu a cunkoso. Ranar nan ina tsaye ina yi wa shugabanmu bayani, gumi na ɗiga daga haɓata kan takarda, har wata yarinya sabuwar ɗauka ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Na ji kunya ƙwarai. Na sha maganin zazzaɓin cizon sauro, na sha na taifot, babu abin da ya canza. Wata ƙawata ta ce in je a yi min ruƙiyya. Kullum da hijabi nake fita, kuma ba na son in rage suturata. Yawancin kayana leshi ne da atamfa ɗinkin riga da siket, sai abaya ranar da nake sauri. Don Allah Malama, wane irin yadi zan riƙa saye, kuma yaya zan yi da hanya da wurin aiki? Ki sakaya sunana. Na gode.

Daga wata 'yar'uwa a Kano.

AMSA: Sannu, Allah ya ƙara lafiya. Na ji daɗi da kika rubuto, don mata da yawa na fama da wannan abu a ofisoshi da makarantu da asibitoci, kowacce na share fuska da gefen hijabi tana zaton ita kaɗai ce.

Yadda kika kwatanta shi, daga ƙirji zuwa wuya zuwa fuska, sannan gumi, ga kuma al'ada da ta fara tsallake a shekara 49, ya yi daidai da tasowar zafin da ke zuwa wa mata a shekarun ɗaukewar al'ada. Addu'a ba ta taɓa yin yawa, amma wannan ba iska ba ce, ba kuma sammu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'ada kan ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an yi wata 12 cur ba a gan ta ba. Ke yanzu kina kan hanya ne, kuma sau da yawa a wannan tsakanin ne zafin ya fi tsananta.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Akwai wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa wanda aikinsa lura da zafin jiki, ya riƙe shi kusa da digiri 37. A da, sashen nan yana da haƙuri: zafin jikinki ya ɗan hau ko ya ɗan sauka, ba ya motsi. Da sinadarin mata na istirojin ya fara hawa da sauka yana raguwa, sai haƙurin ya ƙare. Ɗan ɗumin da bai kai ya kawo ba, kofin shayi, ko hawa bene, ko faɗuwar gaba, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka jiki ya yi zafi fiye da kima. Nan take ta buɗe jijiyoyin jinin da ke ƙarƙashin fata, jini ya kwararo fuska da wuya, zuciya ta ƙara sauri, gumi ya ɓalle. Yawanci minti 1 zuwa 5 ne ya wuce, ya bar ki a jiƙe, wani lokaci har da jin sanyi. Shi ya sa maganin zazzaɓi bai yi miki komai ba. Ki gwada da kanki: idan ya taso, ki sa ma'aunin zafin jiki. Za ki ga bai nuna zazzaɓi ba.

Kimanin mata 3 cikin 4 ne ke gamuwa da shi. Zan kuma faɗa miki gaskiya kan tsawonsa, don ki shirya. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda ya bi mata dubbai shekara da shekaru, ya fitar da sakamako a 2015 cewa matsakaicin tsawon wannan lalura ya ɗan haura shekara 7, a wajen mata baƙar fata kuwa ya kai kimanin shekara 10. Wasu nasu gajere ne, wasu ya fi haka. Abin nufi, ba lamarin bazara ɗaya ba ne da za ki daure ki wuce. Ya cancanci ki sake duba akwatin kayanki a tsanake.

Sai dai ki sani tun yanzu, babu yadin da zai hana zafin tasowa, tunda daga ciki yake fitowa. Abin da sutura za ta iya yi biyu ne: kada ta tara miki ɗumin da zai tsokano shi, kuma idan ya taso, ta bar gumin ya yi aikinsa. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe. Dubi randar ƙasa. Ruwanta na sanyi ne saboda tana tsattsafo da laima ta jikinta, iska na kwashewa, zafin na tafiya da ita. Ki naɗe randar nan da leda, ruwan ba zai ƙara sanyi ba ko da ta kwana a inuwa. Fatarki haka take aiki. Duk shawarar da zan ba ki a kan tufafi, daga nan ta fito: me ke taɓa fatarki, kuma iska na samun hanyar shiga da fita?

Kin ce ba kya son rage sutura. Ba sai kin rage ba. Rufe jiki ba shi ne matsalar ba, mutanen hamada ma rufe jiki suke yi ruf saboda rana. A 1980 wasu masana suka buga wani bincike a mujallar Nature kan dalilin da ya sa Larabawan ƙauye makiyaya ke sa baƙaƙen riguna a hamada mai zafi. Suka tsayar da mutum a rana, yau cikin baƙar riga, gobe cikin fara, suna aunawa. Baƙar ta fi shan rana nesa ba kusa ba, amma zafin da ya isa fatar mutumin kusan ɗaya ne a duka biyun. Dalili kuwa rigunan burum-burum ne, iska na shiga ta ƙasa ta haura ta fita ta wuya, tana kwashe zafin kafin ya taɓa jiki. Wannan bai wanke kowace baƙar abaya ba. Siririyar baƙar roba da ta kwanta a kafaɗa da gadon baya za ta gasa ki a rana. Amma ya nuna cewa yalwar ɗinki ta fi launi muhimmanci, irin yadin kuma ya fi su duka.

Mu fara daga ciki, don nan ne aka fi yin kuskure. Mace za ta sayi atamfa mai tsada, auduga zalla, ta kai wa tela, shi kuma ya shafe cikin rigar da siket ɗin da wannan lainin mai sulɓi da ƙyalli. Lainin ɗin nan roba ne. Kin biya kuɗin auduga, amma abin da ke manne da fatarki tun safe har yamma roba ce. Ƙarƙashinsa ga rigar mama mai soso, ga siket na ciki mai santsi, wata ma har da matsattsen wandon da ke ɗaure ciki. Ina kyautata zaton idan kika juya kayan da kika sa ranar da gumi ya ɗiga kan takardar nan, za ki tarar da wannan shafin a ciki. Zaren auduga kan riƙe laimar da ta kai kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyinsa, na lilin ya fi haka, na roba kuwa ko kashi 1 ba ya kaiwa. Gumin da ya fito ƙarƙashin roba ba shi da wurin zuwa, sai ya taru ya gangara, ya bar miki ƙurajen zafi a ƙarƙashin mama da mazaunin zani.

Don haka kafin ki sayi sabon yadi ko ɗaya, ki sayi shimi na auduga marasa kauri guda biyar ko shida, da rigunan mama na auduga marasa soso, waɗanda ba sa matse haƙarƙari, da kamfai na auduga. Sannan ki zaɓi kayan da kika fi zuwa aiki da su ki mayar wa tela ya farke lainin ɗin. Inda yadin ba ya nuna jiki, a bar shi haka. Inda dole sai da shafi, kamar leshi mai huda, a sa na boyal ko farin yadin kotin mara nauyi. Kuɗin wannan gyara bai kai na turmin atamfa ɗaya ba, kuma shi ne zai fi canza miki rana.

Idan kin shiga Kantin Kwari, kada ki dogara da rubutun da ke jikin yadi, kada kuma ki tsaya a kan "wallahi Hajiya kotin ne". Atamfar da iyayenmu suka sani, wadda masaƙun Kaduna da Kano ke bugawa, auduga ce zalla. Yanzu kasuwa ta cika da masu kama da ita waɗanda aka cakuɗa da roba, wasu ma roba ce tsantsa aka yi wa zanen atamfa, kuma shi kansa mai shagon ba lallai ya sani ba. Ki damƙi gefen yadin a tafin hannu ki matse, ki saki. Auduga da lilin za su yamutse, roba za ta miƙe sumul. Ki ɗaga shi sama ki hura iska ta cikinsa, ki ji ko ta isa bayan hannunki. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na wuta. Ki roƙi ɗan ƙyalle ko ki zare 'yan zaruruwa daga bakin yadin, ki fita waje ki kusantar da ashana. Auduga za ta kama ta ci da sauri, warinta irin na takardar da aka ƙona, tokarta laushi, kina murzawa ta zama gari. Roba kuwa tun kafin wutar ta taɓa ta za ta fara nannaɗewa, ta narke, ta yi wari mai hawa kai, ta bar wani baƙin dunƙule mai tauri da ba ya murzuwa. Idan an cakuɗa su za ki ga toka da ɗan dunƙule tare. Ki kula da yatsunki, narkakkiyar roba na manne wa fata.

A cikin abin da muke da shi, boyal na auduga shi ne na farko a wajena, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Ba shi da nauyi, iska na ratsa shi, yana saurin bushewa. Lilin na biye masa, har ya fi shi saurin sakin laima, illarsa yamutsewa, amma launi mai duhu ko mai zane na ɓoye wannan. Atamfa ta gaskiya tana da kyau bayan an wanke ta sau biyu ko uku ta saki. Shadda auduga ce idan mai kyau ce, sai dai saƙarta a matse take, ga bugu da sitati sun toshe 'yan kofofin da suka rage, don haka ki bar ta sai hunturu ko ranar biki. Sitatin nan ma ki rage shi a duk kayan aiki, ko ki daina. Leshi kala-kala ne: akwai na kotin mai sauƙi, akwai mai duwatsu da zaren roba wanda nauyinsa kaɗai ya isa ya sa ki gumi. Abayar kanti kuwa, mafi yawanta roba ce, komai laushinta a hannu. Idan kina son saurin da abaya ke ba ki da safe, ki sa a ɗinka miki irinta da lilin ko kotin mai ɗan kauri. Akwai kuma yadin biskos, wanda ake sarrafawa daga niƙaƙƙen itace da makamantansa. Yana da sanyi a jiki, yana shan gumi, sai dai yana nuna jiƙa kuma ba ya jure wanki mai ƙarfi.

Kan ɗinki, ra'ayina a fili yake: riga da siket mai kama jiki, mai zif a baya da ƙugu a ɗaure, ba na wannan lokacin ba ne. Bubu, ko doguwar riga mai buɗewa daga ƙirji zuwa ƙasa, ko riga mai yalwa da zani, su ne za su ba iska hanya. Ki ce wa tela ya sakar miki hammata, ya faɗaɗa hannu, ya buɗe wuya daidai gwargwado tunda hijabi zai rufe. Kada ya ce miki bubu na tsofaffi ne. Bubun da aka yanka da kyau, aka yi masa ɗan aiki a wuya, ya fi komai kwarjini a ɗakin taro. Wajen launi, mai zane-zane ya fi ɓoye jiƙa. Toka-toka da shuɗi mai haske marasa zane su ne ke tona asirin gumi tun daga nesa.

Yanzu kai da wuya, inda zafin naki ya fi taruwa. Ki ƙirga abin da ke kanki idan kin fita: gashi, wataƙila da ƙari a kitson, hula, ɗankwali, sannan hijabin jesi mai roba a fuska wanda ya sauka har gwiwa. Hawa huɗu ko biyar ke nan a daidai wurin da jiki ke son fitar da zafi. Ki rage hawan, ba suturar ba. Hula ɗaya ta auduga ƙarƙashin hijabi ta wadatar, ba sai da ɗankwali ba. Kitso ya zama shuku ko wani wanda ke ɗauke gashi daga ƙeya, kuma a ajiye ƙarin gashi. Hijabin kansa ki sa a ɗinka miki da kotin mara nauyi wanda ba ya nuna jiki, bakin fuskar kada ya shaƙe maƙogwaro. Wata dabarar da ke yi wa ma'aikata da yawa amfani ita ce raba na hanya da na ofis: babban hijabi don titi, idan an isa a ninke shi a sa mayafin boyal mai faɗi wanda ya rufe kai da ƙirji. Mayafi ana iya sassauta shi a wuya cikin daƙiƙa biyu ba tare da kowa ya lura ba, hijabin da aka zura ta kai kuwa ko dai yana jiki ko an cire.

Auduga na da aibi ɗaya da ya kamata ki sani. Tana shan gumi amma tana riƙe shi. Idan zafin ya wuce kina zaune a ɗaki mai na'urar sanyi, shimin da ya jiƙe zai manne miki a baya ki fara rawar ɗari. Maganin wannan a jaka yake: shimi ɗaya da hula ɗaya na canji a cikin 'yar leda, da ƙaramin tawul. Minti biyu a bayi, kin dawo a bushe. Wasu matan sun fi jin daɗin irin rigunan cikin da 'yan wasanni ke sawa, waɗanda roba ce amma an saƙa ta yadda take janye gumi ta bushe da wuri. Ba laifi ki gwada ɗaya, musamman da damina lokacin da iska ke da laima auduga ba ta bushewa, sai dai suna saurin riƙe wari.

Hanya kuma tun daga gida take farawa. Ki duba yadda safiyar yawancinmu take: an tsaya kan wuta an dafa abin kari, an yi wanka da ruwan zafi, an shafe jiki da mai mai kauri, an tsuguna kan kaskon turaren wuta, an kurɓi shayi mai citta da kanumfari a tsaye, an fito da gudu don an makara. Kowanne cikin waɗannan na ɗaga zafin jiki, ga su a jere cikin awa ɗaya. Ki juya tsarin. Girki tukuna, sannan wanka da ruwa mai ɗan sanyi ko wanda aka sirka kaɗan. Mai mara nauyi, kuma kaɗan, basilin ki bar shi wa ƙafa da hunturu. Kayan ki turara su tun dare a rataye, ƙamshin zai kama ba sai kin zauna kan garwashi ba. Ki sa kaya a ƙarshe, a gaban fanka, hijabi kuwa sai a bakin ƙofa.

A adaidaita sahu, kujerar tsakiya ita ce mafi muni: jiki ta dama, jiki ta hagu, jaka a cinya, ledar kujera ta sha rana tana gasa baya, ga ɗumin inji na tasowa daga ƙasa. Muddin ana tafiya da sauƙi, iska na shigowa. Da an tsaya a danja ko an shiga cunkoson yamma, iskar ta ɗauke, a nan ne yake taso miki. Ki nemi gefe, ɓangaren da rana ba ta bugawa, ko da za ki bar ɗaya ya wuce ki jira na gaba. Ranar da aljihu ya yarda, ki biya kuɗin mutum biyu. Kada ki rungume jaka a ƙirji, ki ajiye ta gefen cinya. Ki ɗan ɗaga bayanki daga jikin kujera. Idan aikinki zai ba da dama, fita minti 20 kafin cunkoson safe ya fi duk wata dabara, don za ki isa da sauran lokacin da za ki zauna ki huce kafin a fara neman ki.

Ki riƙa sa gorar ruwa a firiza tun dare idan akwai wuta, ko ki zuba ƙanƙara a ƙaramin filas. Da kin ji alamar tasowarsa, don yawanci yana ba da 'yar sanarwa ta daƙiƙoƙi, ki kurɓi ruwan, ki dafa gorar a gefen wuya ko cikin wuyan hannu ta ƙarƙashin hijabi. Ƙaramar fanka mai caji ko mafici na taimakawa, amma ki lura da wani abu: a tsakiyar bazara, idan iskar gari ta fi jikinki zafi, fanka a kan busasshiyar fata iska mai zafi kawai take hura miki. Ki fara jiƙa fuska da wuya da damshin hankici, sannan ki yi fifita.

A ofis, ki nemi teburinki ya koma kusa da taga ko ƙarƙashin fanka, nesa da inda rana ke faɗowa da yamma da kuma injin hoton takardu, wanda ke fitar da zafi. A ɗakin taro ki zauna kusa da ƙofa da ruwanki a gaba. Kina kuma da wata dama da ba a cika lura da ita ba: alwala. Ruwa a fuska, hannaye har gwiwar hannu, kai, kunnuwa, ƙafafu, duk wuraren da jiki ke saurin sakin zafi ne. Azahar da La'asar na faɗowa a lokacin da rana ta fi ƙuna. Ko kina da alwala ki sabunta, kada kuma ki goge ruwan tas, ki bar shi ya bushe da kansa.

Batun kunyar da kika ji ya tsaya min a rai. Shekara nawa kina wannan aiki, kin san shi ciki da waje, bai kamata minti uku na gumi su sa ki ji kin ƙasƙanta ba. Kuma tsoron kada ya taso a gaban mutane na daga cikin abin da ke tsokano shi. An gwada a asibitoci an ga cewa matan da aka koya wa sassauta wannan fargaba, ko da yawan tasowar bai ragu sosai ba, damuwar da yake jawo musu na raguwa ƙwarai. Idan ya zo kina magana, ki dakata, ki kurɓi ruwa, ki share fuska a fili ba a ɓoye ba, ki ja numfashi a hankali, ki ci gaba daga inda kika tsaya. Wanda ya tambaya, "zafi ne, yanzu zai wuce" ta ishe shi. Idan akwai babbar ma'aikaciya mace da kika yarda da ita, ki faɗa mata gaskiya, ita za ta fi sauƙin shigar miki da maganar canjin wurin zama. A Birtaniya, hukumar kare daidaito da haƙƙin ɗan'adam ta fitar da jagora a Fabrairun 2024 tana tunatar da masu ɗaukar aiki cewa doka na iya wajabta musu yi wa mata irin wannan sassauci, har da na kayan aiki da wurin hutawa. Mu a nan ba mu kai can ba, amma ina ganin lokaci ya yi da shugabannin asibitoci da bankuna da makarantu za su duba irin yadin da suke tilasta wa ma'aikata mata sawa a matsayin yunifom a gari irin Kano.

Abinci ba zan ba ki doguwar doka a kansa ba, don abin da ke tsokano wa wata ba shi ke tsokano wa wata ba. Waɗanda aka fi zargi su ne yaji, abin sha mai zafi, kofi, shayi mai ƙarfi, da goro, wanda shi ma yana da sinadarin da ke cikin kofi. Ki sami ɗan littafi, mako biyu kina rubuta lokacin da ya taso, me kika ci, me kike sanye da shi, me ke ranki. Za ki ga naki da idonki. Taba da shisha na ƙara shi, ƙiba ma haka, kuma rage nauyi kaɗan na sauƙaƙa wa wasu. Idan yana tashin ki da dare, zanin gado da rigar barci su ma su koma auduga, don rashin barci ne ke sa washegari komai ya yi nauyi.

Littafin nan ki tafi da shi wajen likitan mata, kuma ina so ki je, kada ki tsaya a kan tufafi kaɗai. Dalili na farko, akwai cututtukan da ke kwaikwayon wannan zafi. Ƙwayar maƙoshi ta tayirod idan ta yi aiki fiye da kima tana kawo gumi da bugun zuciya da rama. Gumin dare tare da tari na makonni da rama na iya zama tarin fuka. Faɗuwar suga ga mai shan maganin ciwon suga na sa gumi, haka ma wasu magungunan hawan jini. Zafin da ya zo da ciwon ƙirji ko ɗaukewar numfashi kuwa ba a kwana da shi a gida. Ki kuma sani cewa muddin al'ada ba ta cika wata 12 da ɗaukewa ba, ciki na iya shiga. Idan kuma ta cika shekara da ɗaukewa sannan kika ga jini, ko ɗigo ne, ki je asibiti a makon nan.

Dalili na biyu, akwai magani. Mafi ƙarfinsa shi ne mayar wa jiki sinadarin da ya ragu, ta ƙwaya ko abin mannawa a fata ko na shafawa. Wani bincike da ya fito a Amurka a 2002 ya tsorata mata da likitoci da yawa game da shi, amma da aka sake nazari an fahimci cewa ga mafi yawan matan da ba su kai 60 ba, ko ba su wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, amfaninsa ya fi haɗarinsa. Ba na kowa ba ne: wadda ta taɓa yin sankarar mama, ko daskarewar jini a jijiya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon hanta, akasari ba a ba ta. Mai mahaifa kuma dole a haɗa mata da sinadari na biyu da ke kare mahaifar. Ga wadda ba za ta iya shan wannan ba akwai wasu magungunan da ba na sinadarin mata ba, har da wani sabo da aka amince da shi a Amurka a 2023, wanda ke aiki kai tsaye kan sashen ƙwaƙwalwar da na ambata, ko da yake yana buƙatar a riƙa duba lafiyar hanta. Duk wannan hukuncin likita ne bayan ya auna jininki ya ji tarihinki. Kada ki karɓi ƙwaya a kemis don ta yi wa wata aiki, kada kuma ki sayi haɗin da ake tallatawa a waya da sunan maganin zafin mata, ba ki san me aka zuba a ciki ba. Sashen mata na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Asibitin Murtala duk suna ganin irin wannan. Ki faɗa wa likitan sau nawa yake taso miki a rana, ko yana hana ki barci, da kuma cewa ya fara shafar aikinki, don da wannan bayanin ne zai san ko lokacin fara magani ya yi.